Idan Ka Kai Yaro Kano, Ka Hau da Shi Dala

Yaron da ya yi makaranta a nan Duwala ya ga hoton gidajen tsaro na sarakunan Faransa a littafin tarihi: gini na dutse bisa tudu, ga hasumiya, ga rami kewaye da shi. Amma tambaye shi ko wane ne Barbushe, sai ya yi zuru. Laifin namu ne mu iyaye.

Da yawa daga cikinmu mutanen New Bell muna zuwa Kano, wani saro a Kantin Kwari, wani biki, wani gaisuwar mutuwa. Mukan kwana a jirgin ƙasa daga Yawunde zuwa Ngaundere, mu bi ta Garwa da Yola, mu sha wahalar hanya, sannan mu dawo ba mu taka Dutsen Dala ba, alhali yana cikin birni, hawansa kuma bai kai tafiyar da muke yi a cikin kasuwa ba.

Babu fadar dutse a bisa Dala, amma darasin da ke can ya fi na fada. Sarakunan Turai na wancan zamani kan gina gidan tsaro a kan tudu domin mai sarauta da mayaƙansa, ƙauyuka suna ƙasa. Kanawa kuwa gari suka kewaye gaba ɗayansa. Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa, Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa ta. A cikinta akwai gidaje da kasuwa da rijiyoyi, har da gonaki, domin idan abokan gaba suka yi wa birni zobe, talaka ya samu abinci kamar yadda sarki zai samu. Wanda ya tsaya a ƙololuwar Dala, ya hangi Goron Dutse da unguwannin tsohon birni shimfiɗe a ƙasa, shi zai gane girman wannan dabara.

Wani zai ce ai Dala wurin tsafi ne, can Barbushe ya yi wa Tsumburbura bauta. Haka labarin ya zo. To, ganin inda aka fito ai ba komawa can ba ne, kuma malamanmu sun sha tunatar da mu cewa yawo a bayan ƙasa domin duba makomar mutanen da abu ne da addini ya kwaɗaitar. Wani kuma zai ce yawon buɗe ido sai Bature mai kuɗi. Kuɗin hanya ka riga ka biya; abin da ya rage safiya ɗaya ce.

Lokaci kuma ba ya jiranmu. Ruwan sama yana cin badala, masu gini suna ɗibar ƙasarta, shaguna suna hawa kanta. Yaron da aka haifa a gaɓar Wuri, wanda Hausarsa ke cuɗanya da Faransanci, yana buƙatar abin da zai dafa da hannunsa ya ce na kakanninsa ne, tun yana nan.

Saboda haka, a tafiya ta gaba, ɗauki yaro. Ku hau Dala da sanyin safiya, ku sauko ta Kasuwar Kurmi, ku ƙarasa Gidan Makama. Gani ya kori ji.