Sharhi: Zaɓen Gwamna na 2023 da Batun Hatimi a Bayan Ƙuri'a

Zaɓen gwamnan Jihar Kano da aka gudanar ranar Asabar, 18 ga watan Maris na shekarar 2023, ya shafi al'ummar ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo fiye da yadda aka saba, domin kuwa manyan jam'iyyun biyu duk a wannan yanki suka ɗauko 'yan takarar mataimakin gwamna. Jam'iyyar NNPP ta tsayar da Kwamared Aminu Abdussalam Gwarzo tare da Injiniya Abba Kabir Yusuf, ita kuma APC ta haɗa Alhaji Murtala Sule Garo, ɗan asalin Ƙaramar Hukumar Kabo, da Dokta Nasiru Yusuf Gawuna. Ke nan duk inda nasara ta faɗa, kujerar tana mazaɓar tarayya guda. Wannan ba sabon abu ba ne ga yankin, don Injiniya Abdullahi Tijjani Muhammad Gwarzo ya riƙe muƙamin daga 2007 zuwa 2011, a zamanin Malam Ibrahim Shekarau.

Hukumar Zaɓe Mai Zaman Kanta ta Ƙasa ta bayyana cewa Abba Kabir Yusuf ya sami ƙuri'u 1,019,602, Gawuna kuma 890,705, wato ratar 128,897. Jama'a da dama sun ɗauka magana ta ƙare ke nan. Ashe da sauran tafiya.

Ranar 20 ga Satumba, 2023, kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke ƙuri'u 165,663 daga cikin na NNPP, bisa hujjar cewa babu hatimi, ko sa hannu, ko kwanan wata a jikinsu. Da aka yi wannan ragi, sai ƙuri'un suka koma 853,939, ƙasa da na APC. Kotun Ɗaukaka Ƙara ma ta tabbatar da tsige gwamnan a watan Nuwamba, tana mai dogara da batun rajistarsa a jam'iyya. Sai ranar 12 ga Janairu, 2024, Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin kotunan biyu, ta mayar da ƙuri'un, ta kuma ce batun zama ɗan jam'iyya lamari ne na cikin gida.

Abin da ya kamata mu tsaya a kansa shi ne waɗannan ƙuri'u 165,663. Masu su ba su yi laifin komai ba. Manomi ya bar aikin rani, uwargida ta bar girki, sun bi layi cikin rana sun dangwala yatsa. Buga hatimi da sa hannu a bayan takardar ƙuri'a aikin jami'in da ke shugabantar rumfa ne, kafin ya miƙa wa mai zaɓe. Aiki ne na daƙiƙa kaɗan, amma shi ya riƙe jihar nan cikin zulumi har kusan wata huɗu, har da dokar hana fita a ranar hukuncin farko, wadda ta tsayar da kasuwanni da zirga-zirga.

Gaskiya ne sashe na 63 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya ba da damar ƙirga takardar da ba ta da alamar hukuma, muddin jami'in zaɓe ya gamsu cewa daga kundin da aka kai wa rumfar ta fito. Sai dai a ganinmu, wannan kariya ce ta bayan ɓarna. Kafin a kai ga fassara sashen, an kashe kuɗi da lokaci, an kuma ɓata zumunci tsakanin maƙwabta, musamman a garuruwa irin Getso da Garo inda magoya bayan ɓangarorin biyu ke sallah a sahu ɗaya.

Don haka akwai nauyi a kan kansiloli, dagatai, masu unguwanni da jami'an wayar da kai na ƙananan hukumomin biyu. Yawancin faɗakarwar da ake yi kan tsaya ne a kan karɓar katin zaɓe da yadda ake dangwala yatsa. Ya dace a ƙara da cewa mai zaɓe ya juya takardarsa ya duba bayanta kafin ya shiga wurin dangwalawa. Idan bai ga hatimi da sa hannu ba, ya mayar wa jami'i cikin ladabi a gaban wakilan jam'iyyu. Su ma wakilan, maimakon jiran lokacin ƙirga, su lura da wannan tun daga takardar farko da aka yago da safe.