Kwamfutar Jama'a Ma Tana Bukatar Kwaɗo



Ya kai ɗan'uwa mai karatu, kwanakin baya na shiga wani shagon kwamfuta a wajajen Ƙofar Ƙaura don in buga takarda. Ina zama sai ga imel ɗin wata yarinya a buɗe, ta tashi ba ta fita daga ciki ba. Ga hotonta, ga lambar NIN ɗinta, ga takardar rajistar JAMB, duk a gabana. Na rufe mata na yi abin da ya kawo ni. To amma da wani marar tsoron Allah ne ya zauna fa?

Kada ka ɗauki wannan ƙaramin abu. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, daga 2021 kuma ba a rajista sai da NIN. A shafin CAPS ɗalibi ke karɓar gurbin da aka ba shi ko ya ƙi. Ke nan wanda ya riƙe kalmar sirrin yaro yana iya ƙin gurbinsa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da latsawa guda, wahalar shekara ta tafi a banza. Mafi yawan ƙannenmu kuwa a kwamfutar haya ko ta makaranta suke wannan aiki.

Ra'ayina shi ne, duk kwamfutar da jama'a ke hawa, a shago take ko a ɗakin kwamfuta na makaranta, wajibi ne a kulle ta. Windows tana da akawun iri biyu. Akwai babba, wanda ake kira Administrator, mai ikon saka manhaja da sauya komai. Wannan ya tsaya a hannun malami ko mai shago kaɗai, da kalmar sirri mai ƙarfi. Sauran jama'a a buɗe musu ƙaramin akawun, wanda ba ya iya saka manhaja sai da izinin babban. Dalili kuwa, akwai manhajar da ke nadar duk harafin da aka latsa a ɓoye, in an bar ƙofa a buɗe wani shaƙiyyi zai dasa ta ya dawo ya kwashi sirrin mutane. Akwai kuma irin su Deep Freeze, wadda ke mayar da kwamfuta yadda take da zarar an kashe an kunna.

Na san wani zai ce, haba malam, duk ɗaya muke, wannan ai zargi ne. A'a. Magabatanmu sun kewaye Katsina da ganuwa, suka yi mata ƙofofi irin su Guga, Durɓi da Marusa, ana rufe su da dare. Shin zargin mutanen gari suke yi? Tsare su suke yi. Abin da mutum ya bari a kwamfutarka amana ce a wuyanka, ko ya faɗa ko bai faɗa ba. Hukuma ma ta san da haka, don dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta haramta shiga kwamfutar wani ba izini, ta kuma umarci masu kafe su riƙa rubuta sunayen masu hawa.

Kai ma mai hawa akwai naka. In kwamfuta ta tambaye ka ko ta adana kalmar sirrinka, ka ce a'a. Kada ka karanta wa yaron shago ita, ka shigar da hannunka. In a Chrome kake, latsa Ctrl da Shift da N tare, zai buɗe maka shafin da ba ya ajiye tarihin inda ka shiga, amma takardun da ka sauke suna nan, sai ka goge su da kanka. Kafin ka tashi, ka tabbata ka fita daga imel ɗinka, rufe shafi kawai bai wadatar ba. In kuwa ka tarar da na wani a buɗe, ka runtse ido ka rufe masa.

Muna roƙon malamanmu da shugabannin makarantu su duba wannan kafin rajista mai zuwa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya sa mu dace. Wassalam.