KAFIN KA TSALLAKA IYAKA DA BABUR, SAN CIKINSA

'Yan'uwa ɗalibai da sababbin ma'aikata, Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi, kuma babu mai musun wannan. Saurayin da ya tashi daga Talata Mafara ko Bakura ko Maradun, ya bi ta Sakkwato da Illela ya sauka Birnin Ƙwanni, ko ya ratsa Jibiya ya kwana Maraɗi, lalle zai komo da abin da aji bai ba shi ba. To, amma ra'ayina shi ne duk wanda bai iya kwance fulogin babur ɗinsa ya goge ya mayar ba, bai cancanci ya fita da shi ƙasar waje ba, ko da takardun shaidarsa na makaranta sun cika jaka.

Wannan sakaci ya daɗe tare da mu. Sa'ad da kuɗin Udoji suka shiga hannun ma'aikata a 1975, malaman makaranta da akawuna da yawa sun hau Vespa, wadda jama'a ke kira Basfa, ƙirar kamfanin Piaggio na Italiya tun 1946. An koyi hawa, an koyi ƙwalisa, gyara kuwa aka bar wa wanda ake ce wa bai yi boko ba. Mutanen ƙasarmu sun san inda irin wannan hali ke kaiwa. Madatsar Bakolori, wadda Italiyawa suka kammala a 1978, ta zo da famfunan yayyafi na zamani, daga baya da yawansu suka tsaya saboda rashin kula da rashin kayan gyara. Abin da ya sami gonakin nan shi ne ke samun matafiyi a tsakiyar daji, sai dai shi nasa ƙarami ne.

Alhali kuwa abin bai kai wuyar da ake zato ba. Inji ba ya tashi sai da mai da wuta da iska. Idan babur ya mutu, fara duba tanki da makunnin mai. Sa'an nan ka kwance fulogi, ka jingina shi da ƙarfen inji, ka buga kik. In babu tartsatsi, sa sabo. In akwai mai akwai wuta, to ƙurar hunturu ta toshe matacin iska, ko kuwa dattin man kwalba na bakin hanya ya shiga kafireto. Tsohuwar Basfa tana bukatar a gauraya mata man inji da fetur, kashi 2 cikin 100, watau mililita 20 ga kowace lita. Wanda ya yi ƙwauron wannan, ya kuma ja ta cikin zafin bazara ba hutawa, injin zai kama, tayar baya ta ƙage. Maganin lokacin shi ne ka danne kuloci nan take, ka gangara gefe, ka bar shi ya huce.

Wani zai ce ai makanikai sun cika ko'ina, me zai sa mai digiri ya ɓata hannu? Gaskiya ne akwai su, kuma akwai gwanaye a cikinsu. Amma makaniki yana gyara da abin da ke shagonsa ne, shagon ƙauye kuwa na baburan haya ne masu manyan ƙafafu. Tayar Basfa inci 8 ce ko 10, ba lalle ne mai faci ya ajiye tubunta ba. Ƙananan babura na yanzu marasa giya da bel suke tafiya. In ya tsinke tafiya ta ƙare, kuma ba a tayar da su da turi. Saboda haka guzurin matafiyi ya haɗa da fulogi biyu, da tubu, da kayan faci, da famfo, da wayar kuloci da ta giya ko kuwa bel, da sufana da filaya da sukudireba, da tocila. Giorgio Bettinelli ya bar Rum a 1992 bisa Vespa har ya isa Saigon.

Bayan iyaka kuma akwai abin lura. Harshen ɗaya ne, amma sunayen kaya sun sha bamban: babur a can moto ne, fulogi buji, kwastan duwan, kuɗi kuma sefa. Yi ciniki kafin a kwance ko da noti ɗaya, ka tsaya a yi aikin a gabanka, ka karɓi tsohon kayan da aka cire. Girmama makaniki, domin a ranar nan shi ne malaminka. In tilas ta sa ka bar babur, kada ka bar shi a daji. Ɗora shi a mota zuwa gari, ka sanar da jandarma ko mai gari, domin abin hawan da ya shiga ƙasa da takardar duwan ana sa ran ya fita da ita. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba mu zaman kwana 90 ba biza, ta 1982 kuma ta kawo katin inshorar ƙetare, amma Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, don haka a tambayi ƙa'idar da ke aiki kafin a kama hanya. Matambayi ba ya ɓata.

Abu mafi nauyi shi ne tsaro. A da, wanda babur ya mace wa tsakanin Mafara da Tureta kwanan sauro kawai zai yi. Ta'asar 'yan bindiga ta sauya wannan lissafi, har ta kai gwamnatin Zamfara ta hana zirga-zirgar babura da dare a 2021. A irin wannan hanya, gyaran minti goma da zaman jiran awa uku na iya zama bambancin komowa gida da rashin komowa. A tashi da safe, a tafi biyu ko uku, a sauka kafin la'asar sakaliya, in kuwa mutanen gari sun ce hanya ba lafiya, a haƙura. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ina kira ga ƙungiyoyin ɗalibai na Kwalejin Abdu Gusau da Jami'ar Jihar Zamfara da ke Talata Mafara da su riƙa gayyato makanikan gari sau ɗaya kowane zango, a biya su haƙƙinsu, su koya mana aikin nan hannu da hannu. Mu da muke fatan riƙe madatsu da asibitocin ƙasar nan gobe, ya kamata mu fara da injin da muke zaune a kansa. Allah ya kai mu lafiya, ya komo da mu lafiya, amin.