Raddi Ga Masu Cewa Tsarin Ajayil Rashin Tsari Ne

Akwai wata magana da ke yawo a bakin wasu masu rubuta manhaja, har ta isa kunnen ɗaliban ilimin kwamfuta a Dundaye, mazaunin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Suna cewa tsarin Ajayil, wato gina manhaja zango-zango ana nuna wa mai ita abin da aka yi duk bayan mako biyu ko uku, lalaci ne aka yi wa ado. A wurinsu aikin ƙwarai shi ne a tattara buƙatu baki ɗaya, a zana, a rubuta, a gwada, sannan a miƙa, babu waiwaye. Masu wannan ra'ayi ba jahilai ba ne, don haka hujjojinsu sun cancanci amsa.

Hujjarsu ta farko ita ce Ajayil ba ya son shiri, ba ya son rubuce bayanin aiki. Wannan ƙage ne ga masu tsarin. Mutum 17 ɗin da suka haɗu a Snowbird ta jihar Utah a Amurka cikin Fabrairun 2001 suka rubuta ƙa'idojin Ajayil ba su ce a jefar da takardu ba. Sun fifita manhaja mai aiki a kan tulin bayani, tare da amincewa cewa bayanin yana da darajarsa. Ku dubi Scrum, ɗaya daga hanyoyin Ajayil, wanda Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka gabatar a 1995. Zango ba ya wuce wata guda. A farkonsa ana zama a tsara abin da za a yi, kullum ana ganawar minti 15 don kowa ya san inda aka kwana, a ƙarshensa a nuna aikin ga mai shi, sannan ayarin masu aikin ya zauna ya binciki kurakuransa. Ta yaya wanda yake sabunta shirinsa kowane mako biyu zai zama marar shiri, wanda ya yi shi sau ɗaya tun farkon shekara kuma ya zama mai tsari?

Ta biyu, suna cewa tsohuwar hanyar, wato bin matakai a jere babu waiwaye, ita ce asali, ita ce a littattafai. To a koma asalin. Winston Royce, wanda ake jingina masa wannan hanya saboda maƙalarsa ta 1970, ya zana matakan ne sannan ya yi gargaɗi cewa binsu haka ɗoɗar yana da haɗari, domin gwaji yana zuwa a ƙarshe, lokacin da gyara ya riga ya yi tsada. Shawararsa ita ce a fara gina na gwaji kafin na gaske. An kwafi zanen, an bar gargaɗin. Hukumar FBI ta Amurka ta ɗanɗana kuɗarta a nan: a 2005 ta watsar da manhajar Virtual Case File bayan kashe kusan dala miliyan 170. Magajiyarta, Sentinel, ita ma ta yi ta jan ƙafa, sai da aka koma gina ta zango-zango a 2010 kafin ta fara aiki a 2012.

Hujja ta uku ita ce ta fi shiga rai, kuma ita na fi damuwa da ita, domin tana kashe gwiwar yaranmu. Wai Ajayil na masu wutar lantarki ne da intanet marar yankewa, ba na Dundaye ba. A nan an haɗa kayan aiki da aikin kansa. Manhajojin bibiyar aiki irin su Jira da Trello kayan aiki ne kawai. Kanban, hanyar bibiyar aiki a kan allo, ya samo asali ne daga katunan da kamfanin Toyota ke amfani da su a masana'antunsa na Japan, tun kafin a san intanet. Allo da alli sun wadatar: layi uku, abin da ke jira, abin da ake kai, abin da aka gama, tare da sharaɗin kada a buɗe sabon aiki alhali na hannu ya yi yawa. Git kuwa, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, yana adana tarihin aikin gaba ɗaya a kwamfutar kowane mutum. Ɗalibi zai yi aikinsa ba intanet, in ya samu sabis ya tura wa abokansa.

Hasali ma halin da muke ciki hujja ce a kansu. Mutanen Dundaye sun ga ambaliyar 2010 da ta yanke hanyar jami'a daga gari, sun kuma ga yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022 da ya ci wata takwas. Ayarin da ya ajiye rubuta manhaja sai bayan ya gama takardu, in irin wannan ta faɗo, takarda kawai zai tashi da ita. Wanda kuwa yake kammala yanki mai aiki kowane zango, ko an watse yau, akwai abin da za a kunna a gani.

Saura guda, kuma a nan suna da rabin gaskiya. Ajayil yana buƙatar mai aikin ya riƙa zuwa yana dubawa, alhali ɗan kasuwar da ya ba da aikin manhajar lissafin kaya yakan ce a kira shi in an gama. Kwangilar gwamnati ma takan nemi a ƙayyade farashi da jerin buƙatu tun farko. Wannan cikas ne na gaske. Sai dai tsohuwar hanyar ba ta warkar da shi, jinkirta shi take yi zuwa ranar miƙa aiki, ranar da Alhaji zai duba ya ce ba haka yake nufi ba. Tela ma yakan kira mai riga gwaji kafin ya ƙarasa ɗinki. Abin yi shi ne a sa ranakun dubawa cikin yarjejeniya, in mai aikin ba shi da lokaci ya wakilta yaron shagon da zai riƙa amfani da manhajar, a kuma raba biyan kuɗi bisa yankin da aka miƙa yana aiki.