RA'AYINMU: IDAN IGIYA TA RATAYE MARAR LAIFI

Ya 'yan'uwa masu karatu, ba al'adarmu ba ce mu ɓata takardar wannan mujalla a kan finafinan Turawa, domin mafi yawansu babu abin da ke cikinsu sai shagala da lalata tarbiyya. Sai dai akwai wani tsohon fim na ƙasar Ingila mai suna 10 Rillington Place, wanda ya fito a 1971, da muka ga ya cancanci a tsaya a kansa. An shirya shi ne a matsayin labari mai tayar da tsigar jiki, amma abin da ke cikinsa ya faru da gaske a birnin Landan, kuma darasinsa ya shafi duk wanda zai hau kujerar alƙalanci, ko ya tsaya ba da shaida, ko ya riƙe alƙalamin ɗan sanda.

Richard Fleischer ne ya ba da umarni a fim ɗin, an kuma ɗauko shi daga littafin da ɗan jarida Ludovic Kennedy ya wallafa a 1961. Sunan fim ɗin adireshin wani gidan haya ne a unguwar Notting Hill. A saman benen akwai wani matashi direban mota mai suna Timothy Evans, mutumin yankin Wels, wanda ko karatu da rubutu bai iya sosai ba, tare da matarsa Beryl da 'yarsu Geraldine. A ƙasa kuwa akwai John Christie, mutum mai sanyin murya da kamannin dattako, wanda ya taɓa yin aikin ɗan sandan wucin gadi a lokacin yaƙin duniya na biyu.

A watan Nuwamba na 1949 Beryl na da ciki na biyu, ga talauci ya yi musu katutu. Christie ya yi da'awar sanin aikin likita, ya ce zai zubar mata da cikin. Da Evans ya dawo daga aiki sai ya ce masa matar ta mutu wurin aikin, ya tsoratar da shi cewa da shi za a kama, ya kuma yi alkawarin kai jaririyar wurin masu riƙo. A ƙarshen watan Evans ya kai kansa ga 'yan sanda yana ta kame-kame. Da aka bincika, sai aka sami gawar uwa da 'ya a ɗakin wanki na bayan gida, an shaƙe su. Bayan tambayoyi a ofishin 'yan sanda Evans ya sa hannu a kan takardar iƙirari, daga baya ya janye, ya ce Christie ne ya yi kisan.

A watan Janairu na 1950 aka gurfanar da shi a kotun Old Bailey bisa tuhumar kashe 'yarsa. Wane ne babban shaidar masu ƙara? Christie! Mutumin da aka taɓa ɗaurewa saboda sata, aka kuma taɓa ɗaure shi saboda dukan wata mace har ya ji mata rauni. An ambaci wannan a gaban kotu, amma tsohon kakinsa da iya lafazinsa suka rufe idanun masu sauraro. Mutum 12 da aka zaɓo daga cikin jama'a don su yanke hukunci, minti 40 kacal suka yi suna shawara. Ranar 9 ga Maris 1950 aka rataye Evans a kurkukun Pentonville, yana da shekara 25.

To, amma rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. A watan Maris na 1953, bayan Christie ya bar gidan, wani ɗan haya ya gano gawar mata uku a wani lungu da aka toshe a ɗakin girki. Aka tono matar Christie kanta a ƙarƙashin daɓen katako, aka kuma tono ƙasusuwan wasu mata biyu a bayan gida, waɗanda suna nan binne tun kafin binciken 1949. Christie ya amsa cewa shi ya kashe Beryl. A watan Yuli na 1953 aka rataye shi a wannan kurkuku, kuma haunin da ya rataye Evans, wato Albert Pierrepoint, shi ya rataye shi.

Duk da haka hukuma ba ta yarda ta yi kuskure ba. Binciken gaggawa da ta sa aka yi a 1953 cewa ya yi hukuncin daidai ne. Sai a 1966, bayan shekara 16, aka yi wa Evans afuwa yana cikin kabari, sannan a 2004 babbar kotu ta yarda cewa bai kashe matarsa ba, bai kuma kashe 'yarsa ba. Ina amfanin afuwa ga wanda ya riga ya zama ƙasa?

Wannan shari'a tana cikin abubuwan da suka sa Birtaniya ta dakatar da hukuncin kisa kan laifin kisan kai a 1965, ta kuma tabbatar da sokewar a 1969. A nan ne muka rabu da su. Mu mun yi imani cewa ƙisasi hukunci ne na Allah Maɗaukakin Sarki, kuma an shar'anta shi ne domin a tsare rayukan bayinsa. A ganinmu sun kama reshe ne sun bar tushe, domin abin da ya kashe Evans tun kafin a kai ga igiya shi ne shaidar fasiƙi, da binciken ganin dama, da iƙirarin da aka karɓa daga mutum mai rauni a cikin firgici. Idan ba a magance waɗannan ba, marar laifi zai ci gaba da ruɓewa a kurkuku, mai laifi kuma ya ci gaba da ɓarna, kamar yadda Christie ya ƙara kashe mata huɗu bayan an rataye maƙwabcinsa.

Haƙiƙa malamanmu na fiƙihu sun toshe waɗannan ƙofofi tun da daɗewa. Sun sharɗanta adalci ga mai ba da shaida, suka ce sai an bincika halinsa an tsarkake shi. Sun ƙi karɓar shaidar wanda ke jawo wa kansa amfani ko yake tunkuɗe wa kansa cuta da ita, balle wanda shi ma ake nuna shi da yatsa a kan jinin. Sun ce iƙirarin wanda aka tilasta ba abin dogaro ba ne. Sun kuma karantar da cewa alƙali ya yi kuskure wajen saki ya fi sauƙi a kan ya yi kuskure wajen uƙuba. Bayan wannan duka, Shari'a ta buɗe wa magadan mamaci ƙofar yafewa ko karɓar diyya. Da an auna Christie da wannan sikeli, da maganarsa ba ta isa ta kai mutum ga hauni ba.

Sai dai kada mu ruɗi kanmu da kyawun abin da ke cikin littattafai. Ƙa'ida ba ta tsare rai sai an sami masu tsoron Allah da za su yi aiki da ita. A Nijeriya ma an kashe wani mutum mai suna Nasiru Bello a Jihar Oyo a 1981 alhali ƙarar da ya ɗaukaka tana gaban kotu, sai a 1986 Kotun Ƙoli ta ce kisan ya saɓa wa doka. Ashe ke nan gaggawa da sakaci ba su da ƙasa, ba su da ƙabila.

Saboda haka muna kira ga alƙalai, na kowace irin kotu, da su binciki mai shaida kamar yadda suke bincikar wanda ake tuhuma, kada riga ko muƙami ko zaƙin baki su ruɗe su. Muna kira ga 'yan sanda da su bar tatsar iƙirari da duka ko barazana. Muna kira ga mahukunta kada su sa hannu a kan takardar kisa sai kowace ƙofar ɗaukaka ƙara ta rufe, kuma talaka ya sami mai tsaya masa. Mu kuma sauran jama'a, mu ji tsoron shaidar zur, mu bar ɗaukar doka a hannu don kawai an yi ihun ɓarawo. Dukiya idan an ƙwace bisa kuskure ana mayarwa, ɗaurarre ana buɗe masa ƙofa, amma rai idan ya fita ba mai dawo da shi sai Wanda Ya busa shi, kuma a gabansa za a tsaya a yi bayanin kowane ɗigon jini.

Allah Ya tsare hannayenmu da harsunanmu daga jinin bayinsa, amin.