Wa Jan Layi Yake Kamawa?

Duk wanda ya taɓa aikin gwamnati a ƙasar nan ya san littafin nan da ake ajiyewa a bakin ƙofar ofis, inda kowane ma'aikaci zai rubuta sunansa da lokacin da ya iso. Da ƙarfe takwas ta gota sai a zo da jan biro a ja layi, wanda duk sunansa ya faɗo ƙarƙashin layin ya makara ke nan. A yau ma'aikatu da yawa sun sauya littafin da na'urar da ake ɗora yatsa a kanta. Mu dai ba mu ƙi wannan ba. Wanda ake biya da dukiyar jama'a wajibi ne ya zo aiki a kan kari, kuma na'urar ta toshe wata tsohuwar kafa, watau mutum ya sa wa abokinsa hannu alhali gogan yana gida yana barci.

To, amma wa layin yake kamawa? Masinja ne da akawu da direba da mai shara. Maigida kuwa sai ya ga dama ya iso, ko da sha ɗaya ne, kuma babu wanda ya isa ya miƙa masa littafi. Gyaran da aka yi da bulala ma an gwada shi. A 1984, zamanin Yaƙi da Rashin Ɗa'a na gwamnatin Manjo-Janar Muhammadu Buhari, an riƙa sa ma'aikatan da suka makara tsallen kwaɗo a bainar jama'a. Ofisoshi sun cika da sassafe, ba ƙarya, amma tun da tsoro ne ya kawo mutane, da aka kifar da gwamnatin a watan Agusta na 1985 sai aka koma gidan jiya.

Sa'an nan a dubi inda ƙaramin ma'aikaci yake kwana. Wanda ke aiki a tsakiyar Ikko yana zaune a Ikorodu, ko wanda ke aiki a Abuja yana zaune a Mararraba ko Suleja, tun asuba yake bakin titi yana kokawar mota. Bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya yi tashin da har Gwamnatin Jihar Kwara ta rage wa ma'aikatanta ranakun zuwa ofis zuwa uku a mako na wani lokaci. Ashe hukuma da kanta ta san ba kowace makara ce lalaci ba.

Babban rashin adalcin shi ne lissafin gefe ɗaya ake yi. Ana ƙidaya minti goma sha biyar da ma'aikaci ya makara da safe, ba a ƙidaya awa uku da ya ƙara da yamma don maigida bai tashi ba, ko daren da ma'aikaciyar jinya ta kwana a asibiti domin mai karɓarta ba ta zo ba. Alhali Dokar Ƙwadago ta 1974 ta bayyana cewa sa'o'in da aka yi bayan lokacin da aka yi yarjejeniya a kansa ƙarin aiki ne. In za a yanke albashi saboda makara, to, a biya ladan ƙarin da ma'auni guda. Kuma a bar ma'aikaci ya ga abin da aka rubuta a kansa kowane wata, ya sami inda zai kai kuka, domin wuta tana ɗaukewa, kuma na'ura ba kullum take gane yatsan leburan da siminti ya cinye ba.

Bayanan da ake tarawa kuwa amfaninsu ya wuce horo. Idan aka ga ma'aikatan unguwa guda suna makara tare, motar ma'aikata suke bukata, ko a gusa musu lokacin shiga da na tashi.

Muna kira ga gwamnonin jam'iyyarmu su fara daga sama: kwamishina da babban sakatare su ɗora yatsa a na'ura ɗaya da masinja, a kuma liƙa sakamakon kowane wata a allon sanarwa na ma'aikatar.