Kansar da ba a gani a Nijar: babu ta ne, ko ba a ƙirga ta ba?

Duk wanda ya duba taswirar kansar pankireyas a duniya zai ga Turai da Amurka ta Arewa sun yi ja wur, Afirka kuma kusan fari fat. Sai mutum ya ce alhamdulillahi, wannan ciwon masu kuɗi ne. Ni dai ban yi saurin murna ba.

Pankireyas wata ƴar tsoka ce da ke kwance a bayan tumbi, ita ke samar da insulin mai daidaita suga a jini. Kansarta na cikin mafi muni. Cibiyar binciken kansa ta duniya da ke Liyon a Faransa ta ƙiyasta cewa a 2022 sama da mutum dubu 500 suka kamu, sama da dubu 450 suka rasu. Ko a Amurka, da duk na'urorinsu, kusan mutum 13 cikin 100 ne ke kaiwa shekara biyar bayan an gano ta. Steve Jobs mai kamfanin Apple, wani nau'inta ne ya tafi da shi a 2011.

Gaskiya ne akwai dalilin da ya sa ta fi yawa can. Ciwon tsofaffi ce, galibi bayan shekara 65, mu kuwa kusan rabin ƴan ƙasar nan ba su kai 15 ba. Sigari, ƙiba da ciwon suga na ƙara haɗarinta, kuma sun daɗe da zama a can.

Amma ga inda nake da magana. Kafin a rubuta mutum cikin lissafi, sai an gano abin da ke damunsa, wannan kansar kuma ba ta ganuwa sai da hoton sikana. Dattijo a wani ƙauyen Mayahi ko Tanut idanunsa sun yi rawaya, fitsari ya yi duhu, yana ramewa, ciki na ciwo har gadon baya. Me za a ce? Shawara ce. A jiƙa sassaƙe, a sha, a jira. In Allah ya karɓi abinsa a yi jana'iza kafin la'asar, ba wata takarda da ta san abin da ya kashe shi. Rajistar kansa ta ƙasa a Yamai take tun 1992, kuma wanda ya iso asibiti aka gwada shi kaɗai take iya ƙirgawa. Cibiyar gashin kansa ta farko ma sai a 2021 aka buɗe ta, ita ma a Yamai. Daga Damagaram kilomita kusan 900 ne, ban da kuɗin mota da na masauki.

Su kuma abubuwan da ke ƙara haɗarin sun riga sikana isowa garuruwanmu. Ku dubi karan sigari da ake saida wa yara ɗaiɗai a bakin tasha, da sugan da muke zubawa a shayin fada.

Yawancin shawara a wajenmu daga hanta take, kar kowa ya firgita. Amma in babba ne, ga rama ba dalili, ko ciwon suga ya bayyana masa kwatsam da girma, a kai shi likita a roƙi lokotoro ya yi hoton ciki. Hukumomin lafiya kuma su kai aikin rajista manyan asibitocin Maradi, Damagaram da Tawa, don ba a ware kuɗi ga ciwon da babu shi a takarda.